Hukuncin Juye Fayafayan Bidiyo Cikin Kwamfuta Don Kallo A Gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ina da fayafayan DVD da na tara shekara da shekaru. Wasu fina-finai ne da na saya, wasu karatuttuka ne, wasu kuma bidiyon taron iyalinmu ne. Yara sun kakkarce da yawa, na'urar kunna su ma ta mutu. Ina so in juye su duka cikin kwamfuta mu riƙa kallo daga can, amma wani abokina ya ce sata ce. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, abokinka ya yi gaggawa, amma maganarsa ba ta rasa tushe ba.

Juyewar ita kanta babu laifi a cikinta. Asali a irin waɗannan abubuwa halacci ne, kuma faifai da kwamfuta duk mazubi ne, hukuncinsu na bin abin da aka zuba a ciki. Fim ɗin da ya haramta a kalla a faifai ba zai halatta ba don ya koma kwamfuta. Saboda haka kafin ka juye, ka tankaɗe. Wanda ke ɗauke da tsiraici ko batsa kada ka ɓata masa wuri, kuma kada ka bayar da shi kyauta, karya shi za ka yi. Aya ta 30 da ta 31 a Suratun Nur, masu umarni da runtse ido, ba su ware allon talabijin ba.

Sai batun haƙƙin masu fim, inda abokinka ya dosa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na biyar a Kuwait cikin Disamba 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da Shari'a ke karewa, bai halatta a keta shi ba. Wannan shi ne abin da nake tafiya a kai. To amma wanda ya sayi faifai da kuɗinsa, ya kwafe shi don kada ya lalace, bai rage wa mai shi ko da ciniki ɗaya ba. Kare dukiyarsa ya yi, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Mugira bin Shu'uba cewa Allah ya ƙi mana tozarta dukiya. Faifan da ya karce har hoto na daskarewa a tsakiyar kallo, gobe ba zai kunnu ba sam.

Sharaɗin shi ne kwafin ya zauna tare da asalinsa. Ranar da ka sayar da faifan ko ka kyautar, ka goge kwafin, domin ba a sayar da abu kuma a ci gaba da riƙe shi. Haka nan aro faifan wani ka juye, ko abokai su riƙa zuwa da filashi kana loda musu, ko ka ɗora a intanet: duk wannan cin dukiyar mutane ne ba da yardarsu ba. Su manhajojin kunna bidiyo a kwamfuta irin su VLC da Kodi da Plex babu ruwansu, sai dai Plex na ba ka damar buɗe wa na waje taskarka, to wannan ƙofar ka bar ta a rufe. Ka kuma san cewa yawancin fayafayan kamfani na ɗauke da makullin hana kwafi, kuma dokar ƙasashe ta bambanta a kan karya shi. Amurka ta hana a dokarta ta 1998. Idan ƙasar da kake ta hana, ka tsaya ga fayafayan da ba su da makulli.

Abin da ya fi damuna ma ba fina-finan ba ne, bidiyon iyalin ne. A nan babu haƙƙin kamfani, amma akwai haƙƙin mutanen da ke ciki. Matarka da 'yan'uwanta suna cikin ado, wata ba mayafi, suna dariya a sake don sun san a cikin gida suke. Da, faifan na cikin akwati, sai an ɗauko an saka. Yanzu faifai mai cin gigabait 4.7, rumbun kwamfuta mai terabait ɗaya zai haɗiye kusan ɗari biyu irinsa, kuma yaro ɗan shekara goma zai iya tura bidiyo zuwa waya kafin ka idar da alwala. Ka ware waɗannan a wuri na daban mai kalmar sirri, kada a kunna su gaban wanda ba muharrami ba. In kwamfutar ta lalace za a kai gyara, ka cire su tukuna. Duk matar da ta ce ba ta so a ajiye hotonta, maganarta ake bi, a yanke wurin da ta fito.

Karatuttukan kuwa, in malamin ya yi izinin yaɗawa, ka juye ka raba. In na sayarwa ne, hukuncinsu ɗaya da fina-finan da ka saya.

Wallahu a'alam.