Kariyar da sarakunan Turai suka ba Yahudawa: tausayi ne ko haraji?

Malam, ka tambaya ko don tausayi sarakunan Turai na zamanin da can suke kare Yahudawa. Gaskiya kuɗi ne kan gaba. Dubi Ingila kawai.

Coci ta hana Kiristoci ba da bashi da ruwa, su kuwa Yahudawa an toshe musu yawancin sana'o'i, sai masu hali a cikinsu suka koma ba da rance. A doka, su da dukiyarsu mallakar sarki ne, yana ɗora musu haraji duk lokacin da ya ga dama. Da wani attajiri Bayahude, Haruna na birnin Linkon, ya rasu a 1186, Sarki Henri na biyu ya kwashe duk abin da ya bari, har basussukan da yake bin mutane.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne kisan da aka yi a birnin Yok a 1190. Da mutanen gari suka far musu, Yahudawa kusan 150 suka fake a hasumiyar sarki, suka hallaka a can. Maharan suka zarce babbar coci suka ƙone takardun bashin da Yahudawan suke bin mutane. A 1194 aka kafa akwatunan ajiye kwafin takardun, don kada sarki ya sake yin asara.

Bayan an tatse su ƙarƙaf, Sarki Edwad na ɗaya ya kori Yahudawa daga Ingila a 1290.