Ɗana ba ya barci sai an jijjiga shi, ko in ba shi magani?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina aure a Istanbul, maigidana ɗan Turkiyya ne. Ɗanmu mai wata 20 ba ya barci sai wajen sha biyun dare, kuma sai kakarsa ta kwantar da shi kan matashi a ƙafafunta tana jijjigawa. Yakan farka sau uku. Maƙwabciyata ta ce in riƙa ba shi cokali guda na maganin ƙaiƙayi na ruwa. Na gaji, amma ina tsoro.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Yaro mai shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14, har da na rana. Wanda ya saba barci cikin jijjiga zai neme ta duk lokacin da ya farka, don haka ki lallashi surukarki a rage a hankali, a ajiye shi kafin barci ya ɗauke shi. Hirar dare da baƙi da shayin da ake ɗanɗana wa yara su ma suna da hannu, musamman da bazara, lokacin da isha'i kan wuce ƙarfe goma a Istanbul. Ki tsayar da lokaci guda: wanka, waƙar reno da Turkawa ke kira ninni, a kashe talabijin da fitila.

Maganar magani kuwa, kada ki kuskura. Kusan kullum sai na haɗu da uwar da aka ce mata "ai cokali ɗaya ne", kuma abin yana ɓata mini rai, domin mai ba da shawarar ba ta san nauyin yaron ba, balle adadin da jikinsa zai ɗauka. Waɗannan magunguna ba barci mai kyau suke kawowa ba, gusar da hankali suke yi. Wasu yaran ma firgita suke yi, su kwana suna kuka, uwa ta zaci bai isa ba ta ƙara. Promethazine, ɗaya daga cikin irin waɗannan magunguna, wanda aka sani da Phenergan, hukumar magunguna ta Amurka ta hana bai wa yaro ƙasa da shekara 2 saboda yana iya danne numfashi har ya kai ga mutuwa. Ɗanki bai kai ba.

Ki kai shi wurin likitan iyali na unguwarku a duba sinadarin ƙarfe a jininsa, tunda shayi na hana jiki tsotsarsa, ƙarancinsa kuma na hana barci mai daɗi. Idan yana munshari, ki faɗa masa.