Wayfai ɗinmu na yankewa da zarar kowa ya dawo gida

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Mu tara ne a gida. In aka haɗa wayoyi, kwamfuta biyu, talabijin, firinta da kyamarar ƙofa, na'ura goma sha bakwai ne a kan rauta ɗaya, wato akwatin da ke watsa wayfai. Da safe lafiya lau, amma da yamma sai bidiyo ya riƙa tsayawa, firinta kuma ta ɓace daga wayfai. Sabuwar rauta zan saya?

Wata uwa mai karanta mu

AMSA: Hajiya, dakata da sayen tukuna. Abin da kika kwatanta ya fi kama da cunkoso, kuma shi saiti ke gyara shi.

Juya rautar, a ƙarƙashinta akwai takarda mai ɗauke da adireshinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, da kalmar sirrin shiga. Rubuta adireshin a burauza ki shiga.

Yawancin rautoci suna watsa wayfai a zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Na 2.4 ya fi tafiya nesa, ya fi ratsa bango, sai dai a nan kowa yake: rautocin maƙwabta, Bluetooth, har na'urar ɗumama abinci in tana aiki. Na 5 ya fi sauri da sarari, amma bango biyu ko uku sun isa su raunana shi. To, ki ba kowane zango sunansa daban. Talabijin, kwamfutoci da sababbin wayoyi su koma 5. Firinta da kyamara su zauna a 2.4, da ma yawancinsu shi kaɗai suka sani. A nawa gidan, ranar da na ɗauke talabijin daga 2.4, a daren nan yara suka daina ƙwala mini kira daga falo.

A zangon 2.4 tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna: 1, 6 da 11. Zaɓi ɗaya da kanki, ki sa faɗinta a 20 MHz, ki gwada kwana biyu. In bai yi ba, ki koma ta gaba. Ina roƙonki kada ki sa 40 MHz don kin ji an ce ya fi sauri. Inda gidaje ke kusa da juna, hayaniya kawai yake jawowa.

Ɓacewar firinta kuwa, rauta ce ke sauya mata adireshi. Nemi sashen DHCP, wanda ke raba wa na'urori adireshi, ki keɓe mata adireshi guda na dindindin. Daga nan ki tabbatar tsaron yana kan WPA2 ko WPA3, ki kashe WPS (hanyar jona na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba), ki sauya kalmar sirrin wayfai, domin sau da yawa akwai baƙin wayoyi a ciki da mai gida bai sani ba. Ki sabunta manhajar rautar kafin ki fita daga shafin saitin.

Ita kanta rautar, in tana bayan talabijin ko cikin kabad, ki fito da ita tsakiyar gida, ki ɗora ta a sama.

Bayan duk wannan, wata yamma ki jona kwamfuta da rautar ta igiyar kebul. In a haka ma intanet ɗin na jan ƙafa, matsalar daga layin kamfanin da ke ba ku intanet take, sabuwar rauta ba za ta magance ta ba. In kuwa ta kebul yana gudu amma wayfai na nan yadda yake, sai ki nemi rauta mai Wi-Fi 6, wadda aka ƙera don ɗaukar na'urori masu yawa a lokaci guda.