Makonni saba'in na Daniyel: ina aka samo shekara bakwai ta babban tsanani?

Tambaya: Malam, ni ne mai koyar da ajin manya a makarantar Lahadi. Da muka iso Daniyel 9:24-27 sai ajin ya rabu biyu. Wasu suka ce ayoyin sun nuna ainihin ranar da Yesu ya shiga Urushalima a kan jaki, kuma saura shekara bakwai ta babban tsanani a gaba. Wani dattijo kuwa ya ce komai ya cika tun zamanin manzanni. Yaya ake wannan lissafi, kuma wa ke da gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da aikin Ubangiji. Gardamar ajinku tsohuwa ce. Jerom, wani malamin ikilisiya na dā, da ya yi sharhin littafin Daniyel wajen shekara ta 407, jero ra'ayoyin magabatansa ya yi, ya bar wa mai karatu zaɓi. Lissafin kansa dai ba shi da wuya, kana iya yin sa a allo.

Daniyel yana Babila yana nazarin maganar Irmiya cewa bauta za ta yi shekara 70 (Irmiya 25:11-12; 29:10). Yana cikin addu'a sai Jibra'ilu ya zo masa da wani adadi: mako saba'in. Kusan kowa ya yarda makon shekaru ake nufi, domin kwana 490 ba su isa a gina birni har a sake rushe shi ba, kuma Littafin Firistoci 25:8 ya riga ya ƙirga shekaru bakwai-bakwai. Jimla shekara 490 ke nan, an kasa ta uku: mako 7 (shekara 49), mako 62 (shekara 434), da mako ɗaya (shekara 7). Kashi biyu na farko idan aka haɗa su 483 ne, kuma a ƙarshensu ake sa ran Almasihu.

To, daga ina za a fara ƙirga? Aya ta 25 ta ce daga fitar umarnin sake gina Urushalima, amma sarakunan Farisa sun ba da umarni huɗu. Na Sairus a 538 kafin haihuwar Almasihu (Ezra 1) yana kai mu shekara ta 55 kafin haihuwarsa, inda ba wanda ya bayyana, shi ya sa masu riƙe da shi suke ɗaukar adadin a matsayin alama. Na Dariyus (Ezra 6) tabbatar da na Sairus ne kawai. Saura biyu, duka na sarki Artashate.

Na shekararsa ta bakwai (Ezra 7) ya faɗo a 458 ko 457, gwargwadon watan da aka ɗauka farkon shekara. Ka cire 457 daga 483, saura 26, sannan ka ƙara ɗaya, ka sami shekara ta 27 bayan haihuwar Almasihu. Wannan ɗayan nan ne mutane da yawa suke mantawa: babu shekarar sifili a kalandar, daga 1 kafin haihuwa sai 1 bayan haihuwa. Idan da 458 ka fara, 26 za ka samu. Luka 3:1 ya sa farkon wa'azin Yahaya Maibaftisma a shekara ta 15 ta Kaisar Tibariyas, wato 28 ko 29, ko kuwa 26 zuwa 27 idan an ƙirga daga lokacin da ya fara mulki tare da Augustas. Lissafin ya sauka daf da baftismar Yesu ba tare da an taɓa tsawon shekara ba. Rauninsa shi ne wasiƙar Ezra 7 tana maganar haikali da hadayu da naɗa alƙalai, ba ta ambaci garu ba. Masu goyon bayansa sukan kawo Ezra 4:12 da 9:9 su cike gurbin.

Na shekararsa ta ashirin (Nehemiya 2), a watan Nisan na 445 ko 444, shi ne ya yi maganar birni da garu ƙarara. Sai dai shekara 483 daga nan tana kai mu 39 ko 40, alhali Bilatus ya bar mulkin Yahudiya tun 36. Nan ne Robert Anderson, wani babban jami'in 'yan sandan Landan a ƙarni na 19, ya kawo dabararsa: a ɗauki kowace shekara kwana 360, tun da Wahayin Yahaya 11:2-3 ya daidaita wata 42 da kwana 1,260. Shekara 483 sau 360 kwana 173,880 ne, kimanin shekarar rana 476 da 'yan kwanaki. Ya fara daga 14 ga Maris 445, ya sauka a 6 ga Afrilu 32, ya ce ranar shiga Urushalima ce. Daga nan maganar 'yan ajinka ta samo asali.

Lissafi ne mai burgewa, amma a kan zato uku yake zaune. Nehemiya ya faɗi wata, bai faɗi rana ba, Anderson ne ya zaɓi 1 ga Nisan. Yahudawa kuma ba su yi rayuwa da shekara mai kwana 360 ba. Watanninsu na ganin wata ne, amma saɓanin kalandar Hijira da azumi ke zagayawa rani da damina, su sukan ƙara wata na goma sha uku bayan shekara biyu ko uku domin Idin Ƙetarewa ya tsaya a lokacin girbin sha'ir. Kan dogon zango, shekararsu ta rana ce. Na uku ya fi nauyi: lissafin taurari ya nuna jajibirin Idin na shekara ta 32 bai faɗo Juma'a ba. Ranakun da masana suka fi amincewa da su don gicciye su ne 7 ga Afrilu 30 da 3 ga Afrilu 33. Saboda haka wani malamin tauhidi na Amurka, Harold Hoehner, ya gyara lissafin, ya fara daga 5 ga Maris 444 ya sauka a 30 ga Maris 33, wadda Litinin ce. Abin da za ka iya faɗa wa aji da gaba gaɗi shi ne umarnin Artashate, ko wanne aka ɗauka, yana kai mu zamanin Yesu. Cewa ya nuna rana takamaimai kuwa, wannan ya wuce abin da nassi ya bayar.

Ainihin rabuwar ajinku tana kan mako na ƙarshe. Aya ta 27 ta ce wani zai ƙarfafa alkawari da mutane da yawa na mako ɗaya, a tsakiyar makon kuma ya tsai da hadaya. Wane ne? Aya ta 26 ta ambaci mutum biyu: shafaffen da za a datse, da shugaba mai zuwa wanda jama'arsa za su rushe birnin.

Dattijonku ya ɗauki na farko. A wannan fahimta mako na saba'in ya bi na sittin da tara kai tsaye. Yesu ya yi hidima wajen shekara uku da rabi, ya kira jininsa jinin alkawari da za a zubar domin mutane da yawa (Matiyu 26:28), mutuwarsa kuma ta kawo ƙarshen amfanin hadayar dabbobi (Ibraniyawa 10:10-18). Rushewar birni ta zo a shekara ta 70 ta hannun Titus, shugaban sojojin Romawa. Tun ƙarni na 2 da na 3 akwai malamai irin su Kilemen na Iskandariya da Tartuliyan da suka ga cikar annabcin a zamanin Almasihu da yaƙin Romawa. Inda ake kama su: shekara ta 70 ta faɗo bayan ƙarshen shekara 490 ɗin da kusan shekara arba'in, firistoci sun ci gaba da yanka har zuwa lokacin, sannan rabin mako na biyu ba shi da ƙarshe bayyananne. Ana yawan cewa jifan Istifanas ne a shekara ta 34, amma Ayyukan Manzanni bai ba da shekarar ba.

Sauran 'yan ajin sun ɗauki na biyu, magabcin Almasihu, suka sa tazara tsakanin mako na 69 da na 70. Hujjarsu ba ta wasa ba ce. Aya ta 26 ta sa datsewar shafaffe da rushewar birni bayan mako 62, tun kafin a ambaci makon ƙarshe. Manufofin aya ta 24, kamar kawo adalci madawwami, ba a gan su cikakku a duniya ba tukuna. Yesu da kansa, a majami'ar Nazarat, ya karanta Ishaya 61 ya tsaya a tsakiyar aya ta 2, ya bar maganar ranar ramuwa (Luka 4:18-19), wanda ke nuna annabci ɗaya na iya ɗauke da zamani biyu. Kada kuma ka yarda da masu cewa wannan ra'ayi jiya aka ƙirƙiro shi, domin Ireniyas da Hifolitas na Roma, malaman ƙarni na 2 da na 3, sun danganta makon ƙarshe da magabcin Almasihu. Abin da yake sabo shi ne tsarin John Nelson Darby na shekarun 1830, wanda ya raba shirin Allah na Isra'ila da na ikilisiya, ya sa fyaucewa, wato ɗauke masu bi zuwa sama, kafin shekara bakwai ɗin. Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield na 1909 ne ya yaɗa shi a Amurka, daga can ya shiga makarantun Littafi Mai Tsarki da wa'azin rediyo.

Nasu raunin shi ne tazarar ta kusa shekara 2,000, ninki huɗu na dukan zangon da aka yi annabcinsa, kuma Jibra'ilu bai ambace ta ba. Tana kuma bukatar a sake gina haikali a koma yanka kafin a tsai da shi. Ga wani abin da kan ba ɗalibai mamaki: babu ayar Sabon Alkawari da ta ce tsananin shekara bakwai ne. Wahayin Yahaya wata 42 da kwana 1,260 yake maimaitawa (11:2-3, 12:6, 13:5), wato shekara uku da rabi. Bakwai ɗin daga Daniyel 9:27 aka ɗauko ta.

Akwai fahimta ta uku da za ka tarar a littattafan jami'a: shafaffen da aka datse babban firist Oniyas na uku ne, wanda aka kashe wajen 171 kafin haihuwar Almasihu, mai tsai da hadaya kuma sarkin Suriya Antiyokas na huɗu, da ya ƙazantar da haikali a 167 har aka tsarkake shi a 164. Makon ƙarshe ya zauna daram a nan, amma mako 62 ba su cika ba, sun gaza da sama da shekara 60. Kusan shekara 200 bayan Antiyokas kuma Yesu ya yi maganar abin ƙyamar da Daniyel ya faɗa a matsayin abin da ke gaba (Matiyu 24:15), Luka 21:20 ya haɗa shi da sojojin da za su kewaye Urushalima.

A ganina, farawa daga Ezra 7 da shekaru na yau da kullum ya fi ƙarancin zato, kuma dattijon ya fi kusa da nassi a kan cewa makon ya soma da hidimar Yesu. Amma ya yi gaggawa da ya ce komai ya ƙare. Abin ƙyamar ya bayyana a 167 kafin haihuwar Almasihu, ya sake bayyana a 70 bayan haihuwarsa, kuma 2 Tasalonikawa 2:3-8 tana jiran mutumin tawaye wanda Ubangiji zai hallaka a ranar zuwansa.

Ka ja kunnen aji kan amfani da waɗannan alkaluma don sa ranar dawowa. Wani mai wa'azi a Amurka, William Miller, ya ɗauki 457 ɗin nan, ya ɗora mata 2,300 na Daniyel 8:14 a matsayin shekaru, mabiyansa suka jira 22 ga Oktoba 1844, gari ya waye ba abin da ya faru. Matiyu 24:36 da Ayyukan Manzanni 1:7 sun riga sun rufe wannan ƙofa.

Idan kuma gardamar ta koma kan ko fyaucewa za ta riga tsanani, Daniyel 9 ba zai raba ku ba, domin bai ambace ta ba sam. Ku ware mata Lahadi guda, ku karanta 1 Tasalonikawa 4:13-18 da Matiyu 24:29-31 gefe da gefe, ku duba ko ƙahon da tattarawar da ke cikinsu abu ɗaya ne ko biyu.