Me ke ba tarin taurari fukafukai da wutsiya a hoton rediyo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Malaminmu na kimiyya ya nuna mana hotunan tarin taurari da aka ɗauka da na'urar rediyo. Wasu da fukafukai biyu, wasu da wutsiya, ɗaya kuma sak harafin X. Me ke kawo haka?
Ɗalibar sakandare, Nima, Accra

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ƙara basira. Abin da kika gani ba taurarin ba ne. A tsakiyar irin wannan tari akwai baƙin rami, wato wuri mai tsananin jan abu da ko haske ba ya kuɓuce masa in ya faɗa ciki, mai nauyin rana miliyoyi, wani ma biliyoyi. Ba duk abin da ya doshe shi yake haɗiyewa ba. Wani kaso ƙarfin maganaɗisu ke murɗawa ya tsarto shi ta ɓangare biyu, da gudu kusa da na haske, kuma wannan tsartuwa ce na'urar ke kamawa.

Ki tsaya wurin masu wankin mota ki kalli tiyo. In famfo na da ƙarfi, ruwan yakan tafi siriri har ya daki bango ya fantsama. In ba ƙarfi, tun daga bakin tiyon yake bajewa. A 1974 Bernard Fanaroff, ɗan Afirka ta Kudu, da Julia Riley suka kasa irin waɗannan tarin taurari gida biyu a kan wannan bambanci: mai ƙarfin tsartuwa, kamar tarin Cygnus A, haskensa can ƙarshen fukafukai yake, mai ƙarancin ƙarfi kuwa, kamar Centaurus A, kusa da tsakiya. Sai dai ba ƙarfi kaɗai ba ne, kaurin iskar gas ɗin da tsartuwar ke ratsawa ma yana da hannu.

Mai wutsiya, kamar NGC 1265, gudu yake cikin gas ɗin gungun Perseus, wani babban rukuni na tarin taurari, gas ɗin ne ya tanƙwara masa tsartuwar baya.

A kan X ɗin ake tafka muhawara. Wasu masana sun ce baƙaƙen ramuka biyu ne suka haɗe, tsartuwar ta sauya alƙibla, tsohon sawunta ya rage. Wasu sun ce a'a, abin da ya kai ƙarshen fukafukan ne ke komowa baya, ya ci karo da gas ɗin tarin, ya karkata gefe. A 2020 na'urar MeerKAT ta Afirka ta Kudu ta ɗauki hoton PKS 2014-55, wani tari mai siffar X, aka ga kwanar da komowar ta sha ƙarara. A kan wannan tarin ni ina tare da ra'ayi na biyu, amma hoto guda bai isa ya yanke wa sauran hukunci ba.

Ki roƙi malaminku ya nemi izinin kai ku Kuntunse, nan kusa da Accra. Akwai tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 da aka mayar na'urar rediyo ta binciken sararin samaniya, aka ƙaddamar da ita a 2017.