Amsa ga Yaya a Kano: gardamar yaranmu kan Nas

Yaya, ka tambaye ni yadda aka yi yaran Hausawa, 'ya'yan Musulmi, suke kwana gardama a kan mawaƙin rap, alhali kowa ya san irin maganar da ke cikin waƙoƙin nan game da mata. Ka fara sanin cewa a nan Bronx, cikin birnin New York na Amurka, inda Hausawan Ghana da na Nijar da na Najeriya muke zaune, a nan aka haifi kiɗan hip-hop a shekarar 1973, saboda haka yaron da ya tashi a unguwannin nan ya sha shi ne tun daga titi da makaranta da shagon aski, ko mun so ko mun ƙi.

Wanda suka fi sa wa baki shi ne Nas, wato Nasir Jones, ɗan gidajen gwamnati na Queensbridge da ke yankin Queens na New York, wanda ya fitar da faifansa na farko, Illmatic, a 1994 yana ɗan shekara 20. Magoya bayansa suna kafa hujja da yadda yake dasa ƙafiya a tsakiyar baiti, ba sai ya jira ƙarshe ba, da yadda yake zana rayuwar talakan unguwa har mai sauraro ya ga matakalar bene da 'yan sanda a bakin ƙofa. Suna ƙara da cewa Jami'ar Harvard ta kafa tallafin nazari da sunansa a 2013, kuma sai a 2021 aka ba shi Grammy ta farko, wato babbar lambar yabon mawaƙa ta Amurka, abin da suke ɗauka a matsayin rashin adalcin da aka daɗe ana yi masa. A kan wannan gwaninta ba a cika jayayya ba, sai dai 'yan ɓangaren Jay-Z, wani shahararren mawaƙin rap, waɗanda ke cewa bai iya zaɓen kiɗa ba.

Inda murya ke tashi shi ne batun mata, kuma 'yan matanmu ne suka fi riƙe wannan wuta. A wajen sunan da muke yi a zauren haya daren Asabar, za ka ga samari a kujerun baya suna jera baitoci da ka, sai wata ɗalibar jami'a ta ajiye farantin shinkafarta ta tambaye su ko za su iya maimaita wancan baitin a gaban gyatumarsu. Samarin kan ce ai Nas ya yi wa 'yarsa waƙa ta musamman a 2012. Ita kuma ta ce girmama uwa da ɗiya kaɗai ba shi ne girmama mace ba, ta tuna musu zargin cin zarafi da tsohuwar matarsa Kelis ta yi masa a 2018, wanda ya musanta, da kuma rikicinsa da Jay-Z a 2001, lokacin da aka jawo uwar 'yar Nas cikin zagi har mahaifiyar Jay-Z ta sa ɗanta ya nemi gafara. A ganina yarinyar ce ke da gaskiya, ko da yake samarin sun fi ta ƙarar murya.

Kada abin ya ba ka mamaki sosai, domin mu ma mun taso muna jin manya suna yaba fasahar Shata, suna kawar da kai idan ya shiga zambo. Bambancin shi ne a nan yarinya ba ta kawar da kai, kuma makaranta ta koya mata ta fito da hujjarta a bainar jama'a.

Mu iyaye galibi ba ma hanawa kai tsaye, saboda mun gwada mun ga hani yana kai yaro ga sa abin sauraro a kunne ya rufe ƙofa. Abin da muke tsayawa a kai shi ne ba a kunna mai batsa a falo ko a mota, ba a kunna komai lokacin salla, kuma duk wanda ya ɗauko kalmar mawaƙi ya jefi ƙanwarsa da ita, zancensa ba zai tsaya a gida ba, sai ya je gaban kawunnansa bayan sallar Juma'a.