Amsa: Ciwon gwiwa wajen motsa jikin hawa da sauka

'Yar'uwa, kin ce kin fara bin bidiyon hawa da sauka a gida, gwiwa na damun ki. Ni ma na sha haka a makon farko nan Gusau, don da kujera 'yar tsugunno na fara, ga tsayi ga rawa. Da kafinta ya haɗa min akwatin katako mai tsayin santimita 10, sai ciwon ya lafa.

Ki riƙa ɗora tafin ƙafa gaba ɗaya, kada diddige ya zarto baki. In mai koyarwar ta cika sauri, rage gudun bidiyon a YouTube zuwa 0.75, babu kunya. Ni bayan asuba nake yin minti 15, kafin rana ta buɗe. Amma in gwiwar ta kumbura, dakata ki ga likita tukuna.